Kan mashin ɗina na rawa idan na sassauta totur, an ɗaure wuya amma abin ya ƙi

Ɗan Ipaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar mashin ku taimaka min da shawara domin abin nan ya fara ba ni tsoro. Boxer nake ja, ya kai shekara biyu a hannuna, ina aiki tsakanin Iyana Ipaja da Ayobo da Command, tunda aka hana acaba a Ikeja da su Oshodi a 2022 nan ɓangaren muka tattaro. To sati uku da suka wuce an kwana ana ruwa, da safe na ɗauko wata mata da buhun garin kwaki, sai na afka wani rami da ruwa ya rufe, ban faɗi ba Alhamdulillah amma na ji wata ƙara daga gaba kamar an buga guduma a ƙarfe.

Tun daga ranar, in ina tafiya tsakanin kilomita 45 zuwa 55 a awa na sassauta totur, ko na ɗaga hannu ɗaya zan gyara hular kwano, sai kan mashin ya kama kaɗawa hagu da dama da sauri da sauri kamar zai ƙwace daga hannuna, in na ƙara wuta ya wuce 60 sai ya lafa. Kuma in na matse birkin gaba ina jin ƙwas a wajen wuya. Na kai wa wani bakanike a unguwarmu, ko ɗaga tayar bai yi ba ya ce wuya ne ya saki, ya sa guduma da ƙusa ya ɗaure notin sosai, ƙarar ta tafi gaskiya, amma yanzu kan ya yi nauyi, a cikin goslo mashin ɗin tafiyar maciji yake min, in na miƙe kan kamar yana maƙalewa a tsakiya, rawar kuma tana nan ba ta je ko'ina ba. Wani kuma ya ce in canza shokan gaba duka biyu, ni kuma ban gama biyan kuɗin mashin ɗin ba, ba na so in zuba kuɗi inda ba nan ciwon yake ba. Ina ɗaukar mata da yara 'yan makaranta kullum, shi ya fi damuna wallahi. Daga ina zan fara dubawa?

Baban Gareji Agege:

Wa alaikumus salam ƙanina. Da farko Allah ya ƙara tsarewa, na biyu kuma ka daina ɗaukar fasinja da shi har sai an buɗe wuyan nan, gara asarar aikin yini ɗaya. Na daɗe ina gyaran mashin a nan Agege, abin da ka faɗa na maƙalewa a tsakiya shi ya fi ɗaukar hankalina.

Bari in gaya maka abin da ke cikin wuyan. Ƙananan mashina irin namu boris ɗin wuyansu 'ya'yan ƙarfe ne zagayayyu, jeri ɗaya a sama jeri ɗaya a ƙasa, suna gudu a tsakanin kwanuka biyu da muke kira kon. Lokacin da ka afka ramin nan duk nauyinka da na matar da buhunta ya taru a jerin ƙasa, 'ya'yan boris ɗin sai su lotsa kon, kowanne ya haƙa wa kansa ɗan gurbi, kuma da yake kan a miƙe yake lokacin da abin ya faru gurbin a daidai tsakiya yake fitowa. Shi ne kake jin yana maƙalewa. Wanda ya ɗaure maka noti ya kashe ƙarar ne kawai, amma ya ƙara tura 'ya'yan cikin ramukansu. Tafiyar maciji kuwa ga dalilinta, mashin ba ya tsayuwa a kan taya biyu sai da 'yan ƙananan gyare-gyare da kan yake yi da kansa hagu da dama, waɗanda kai ma ba ka jin su, in wuya ya yi tauri ba zai iya wannan ɗan motsin ba sai ya tsaya cak, sannan ya fizge ya wuce inda ake so, kai kuma ka dawo da shi ya sake wucewa.

Kai da kanka za ka iya gwadawa ba sai ka biya kowa ba. Ka kafa shi a babban jak, ka sa wani ya danne bayan har tayar gaba ta bar ƙasa, ka kama kan da yatsu biyu kacal ka juya shi a hankali daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama. Lafiyayyen wuya sulɓi yake tafiya, in ka ɗan tura shi daga tsakiya zai faɗa gefe da nauyinsa. In ka ji wani wuri kamar ya shiga gurbi ya fita, kon ya gama aiki, babu ɗauri ko giris da zai raya shi. Ka lura dai kada wayar birki ko ta kuloc ta ja kan ta ruɗe ka. Daga nan ka tsuguna a gabansa ka kama ƙafafun shoka biyu daga ƙasa kusa da taya, ka ja gaba ka tura baya, in akwai lilo za ka ji shi a hannunka, wani kuma ya ɗora yatsa a wuyan zai ji in daga can ne. Sai ka kama tayar ita kanta sama da ƙasa ka girgiza ta gefe da gefe, wannan boris ɗin wili kake gwadawa, shi ma yana kawo rawa kuma shi ne mafi arha a cikinsu, lambarsa na rubuce a jikinsa.

In za a canza kon a canza duka, sama da ƙasa, har da na jikin T ɗin nan na ƙasa, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun shoka, wanda yara suke ƙyuyar cirewa saboda sai an sha wahala. Na sha ganin an zuba sababbin 'ya'ya a kan tsohon kon, sati biyu ya dawo. A ƙirga 'ya'yan kafin a rufe, a cika giris sosai domin ruwan Legas da masu wankin mashin da injin fesa ruwa su suke wanke shi har tsatsa ta shiga. Wajen ɗauri kuma ba ƙarfi ake nunawa ba, za a ɗaure har ya zauna, a ɗan sassauta, a nemi daidai inda lilo ya ɓace amma kan yana faɗawa gefe da kansa, sannan bayan an ɗaure babban notin sama a sake gwadawa domin shi ma yana ƙara matse shi.

Amma kada ka ɗauka na ce kon ne kaɗai. Ramin da ya iya lotsa kon ta taya da wili ya bi kafin ya iso can.

Mai Faci Mile 12:

Baba ya gama magana, ni ta ɓangarena zan ƙara. Kafin ka kwance komai ka auna iskar tayar da geji, da safe kafin ta yi zafi. Mu masu faci da yawanmu da babban yatsa muke aunawa, direba kuma ya ce a ƙara a ƙara don mashin ya yi gudu ya rage shan mai, sai ka ga tayar gaba ta haura 40 a geji (psi) alhali irin waɗannan mashinan gaba wajen 25 ake so, baya 28 in kai kaɗai ne 32 in da fasinja, ka duba littafin mashin ɗinka ka bi abin da ya ce. Tayar da ta cika iska tsalle take a kan titi ba ta kama ƙasa, wadda kuma ta yi laushi tana sa kan nauyi.

Sannan ka juya tayar tana sama ka kalli wani siririn layi da ke zagaye da ita kusa da bakin rim, ya kamata tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina, in ya nutse a wani wuri tayar ba ta zauna ba. Ka riƙe alli ko tsinke a jikin shoka dab da bakin rim ka juya, inda ya lanƙwashe zai taɓa ya bari. In wilinka mai wayoyi ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana kana ɗan bugawa, mai ɗauri ƙara take siririya, wadda ta saki sai ka ji ta dum. Ka shafa tafin hannu a kan tayar kuma, in ka ji ta ci tudu da kwari kamar haƙoran zarto to ita kaɗai ta isa ta kawo rawar 50 ɗin nan, ko an sa sabon kon sai ta yi.

Dispach Yaba:

Oga Ɗan Ipaja sannu. Ni kai saƙo nake, mashin mai injin 200cc nake ja mai akwati a baya tunda su doka ta bari su hau manyan tituna, kuma abin da na koya da jikina shi ne rawar gaba sau tari daga baya take tasowa, mutane ba sa yarda sai ya faru da su.

Wata rana an loda min akwati da kaya masu nauyi, na hau gadar Third Mainland, ga iska daga ruwa, ina sauka wajen Adeniji na sassauta wuta kan ya kama kaɗawa har madubi ba na gani, Allah ne ya tsare. Na canza kon, na canza taya, ya ragu amma bai tafi ba sai in akwatin babu kaya. Ashe shokan baya ne suka mutu, mashin ɗin ya zauna ta baya, gaba ya ɗaga ya yi sakayau, tayar gaba ba ta da nauyin da zai danne ta a ƙasa, ɗan abu kaɗan sai ta fara rawa. Ku masu acaba abin ya ma fi shafarku, fasinja biyu ga buhu a kan kariya, ƙarfen ɗora kaya, can bayan tayar baya. Ka duba ƙasan shokan baya akwai wani zobe mai matakala, yawanci hawa biyar, ana juya shi don a ƙara wa sifirin tauri, in kana ɗaukar kaya ka ɗaga shi amma dole hagu da dama su zama a hawa ɗaya. Ka danna bayan mashin ɗin ka saki, in ya taso ya tsaya lafiya, in ya yi ta lilo sama da ƙasa man ciki ya ƙare sifirin kaɗai ke aiki.

Wani abin kuma, ka kama tayar baya tana sama ka tura ta gefe da gefe, in ƙarfen da ke riƙe da ita yana motsi a gindinsa bushin da yake juyawa a kai ya cinye. Sannan masu ja mana cen, wato sarƙa, wani sai ya ja noti ɗaya ya fi ɗaya, tayar baya ta karkace tana kallon wani wuri ta gaba na kallon wani wuri, akwai 'yan layuka a jikin ƙarfen ta kowane gefe ka ƙirga su zo daidai.

In kuma rawar ta kama ka a hanya, dan Allah kada ka damƙi birkin gaba kuma kada ka ƙanƙame kan kana kokawa da shi, ba za ka fi shi sauri ba, ƙara masa kake. Ka matse tanki da gwiwoyi, ka sassauta damtse, ka ɗan kwanto gaba nauyinka ya sauka a tayar gaba, ka rage wuta a hankali ba lokaci ɗaya ba. Haka na yi a gadar nan.

Na Alaba Rago:

Ni dai a ganina shoka ne, tunda rami ya faɗa. Mu nan abin da muke yi a juye man shokan gaba a zuba baƙin man inji mai kauri, a ɗan ƙara yawa, sai gaban ya yi tauri ya daina rawa. Ka gwada wannan ba shi da tsada.

Baban Gareji Agege:

Malam na Alaba, na san ana yi, ni ma ina yaron gareji na ga ana yi, amma ba zan ba shi wannan shawarar ba. Man cikin shoka ta wasu ƙananan huduji yake bi, shi ke hana sifirin yin tsalle, in ya yi kauri da yawa shokan ba zai nutse da sauri ba kuma ba zai dawo da sauri ba, a kan gargada irin ta Ayobo tayar sai ta riƙa barin ƙasa, duk dukan kuma ya wuce kai tsaye zuwa kon ɗin da muke magana a kai. In kuma aka cika shi ya wuce ƙima, iskar da ke saman man ba ta da wurin matsewa, sil, wato robar da ke tare man, ya fashe, man ya gangaro, wani lokaci har cikin birki. A sa man shoka, a auna da sirinji ko kofin awo, kuma ƙafa biyun su sha daidai wa daida, domin in ɗaya ta fi ɗaya gaban zai riƙa murɗewa duk sanda aka taka birki.

Amma ka yi gaskiya da ka ce a duba shoka. Ƙanina ka kalli sandunan nan masu ƙyalli, in akwai zoben mai da ƙura ta manne a kai sil ya tafi. Tunda za a sauke su wajen canza kon, a zare sandar a mirgina ta a kan gilashi ko tebur mai santsi, lanƙwasasshiya za ta nuna kanta tana ɗagawa tana sauka. Wani lokacin ma ba lanƙwasa ba ce, murɗewa suka yi a cikin maƙalinsu, sai ka ga kan a miƙe taya na kallon gefe kaɗan, wannan a sassauta notukan maƙali na ƙasa da na aksil, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar wili, a danna gaban sau biyar shida ya nemi mazauninsa, a ɗaure, shike nan ba a sayi komai ba. Saboda haka kar ka sayi shoka biyu kafin a yi wannan gwajin.

Ɗan Ipaja:

Salam, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, na dawo in ba ku labari. Ranar da na karanta na kafa shi a jak ni da ƙanina, wallahi Baba kamar kana wurin, da yatsu biyu na ji gurbin a tsakiya ƙarara. Na biya wajen mai faci da geji, tayar gaba 42 muka samu, muka sauke ta zuwa 25. Da muka sa alli sai ga rim ya ɗan lotsa a wuri ɗaya, wayoyi uku a wajen sun saki.

Na kai wa wani dattijon bakanike daban na tsaya a kansa aka buɗe wuyan, giris ɗin ciki ya zama kamar jar ƙasa saboda tsatsa, kon na ƙasa duk ramuka a jere, ɗaya daga cikin 'ya'yan boris ɗin ma ya rabe biyu. An canza duka har na jikin T, an mirgina sandunan shoka ba su lanƙwashe ba Alhamdulillah, sai dai na hagu sil ɗinsa na zubarwa kuma man da ya fito daga ciki bai kai rabin na dama ba, aka sa sabon sil duka biyun aka auna mai daidai. Mai ɗaurin wili ya gyara rim. Oga Dispach na duba zoben baya, ɗaya yana hawa na biyu ɗaya yana na huɗu, ban san tun yaushe yake haka ba, na mai da su na huɗu duka.

Yau kwana uku ina aiki, tafiyar maciji ta tafi gaba ɗaya, ƙarar birki babu, rawar ma babu in hannuna biyu na kai. Abin da ya rage in na ɗauko kaya mai nauyi a kariya na saki hannu ɗaya wajen 50 ina jin ɗan kaɗawa kaɗan, kuma da na shafa tayar gaba na ji tudu da kwarin nan da Mai Faci ya faɗa. Baba tayar ce ko an bar wuyan da sako-sako?

Baban Gareji Agege:

Madalla ƙanina, na ji daɗi. Ka sake ɗaga shi ka ja ƙafafun shoka gaba da baya kamar yadda na faɗa, in babu lilo kada kowa ya taɓa maka notin nan, tayar ce, iska 42 da shoka mai ƙafa ɗaya su suka cinye ta haka kuma ba ta gyaruwa, ka canza ta da zarar ka samu hali, kafin nan buhu mai nauyi ka matso da shi gaba kan kujera kada ya zauna a ƙarshen kariya. Sabon kon kuma yana ɗan zama bayan an yi tafiya da shi, saboda haka in ka yi sati ɗaya ko biyu ka koma wajen dattijon nan ya sake ɗaga tayar ya gwada, in ya saki a ɗan taɓa notin kaɗan, sannan a sake duba cewa kan yana faɗawa gefe da kansa.